Dodon da Ya Zo Cin Wuta a Agege

Har yau Yayana bai yarda cewa daidai na yi ba, ni kuma har yau ban ba shi haƙuri ba. Idan muka haɗu wajen suna ko biki muna gaisawa lafiya lau, in tambayi iyalinsa ya tambayi nawa, amma da zarar wani ya ambaci ranar da na kai Baba gidan kallo sai ya tsuke fuska ya shiga danna waya. Ya yi ta dannawa. Ni dai ko a jikina, wai an tsikari kakkausa.

A Agege aka haife mu, a wani lungu da ke bayan layin dogo, kuma sana'ar mahaifinmu fassarar fim ce. Ba irin ta yanzu ba da ake ɗora murya a Kano a turo ta waya. Tasa ta nan take ce. Akwai gidan kallo a bakin titinmu, rumfar kwano da aka zagaye da tamfol, da bencina a jere da babbar talabijin a gaba. Baba yakan zauna a wata kujera 'yar tsugunne a gefen talabijin ɗin, a rage sautin fim, shi kuma ya riƙa faɗa wa mutane abin da ake ciki. Masu kallonsa yawanci 'yan dako ne da ke sammako zuwa kasuwar Mile 12 su dawo da rana, sai masu gadi 'yan Nijar da ke kwana a ƙofar gidajen mutane, waɗanda rana ce kaɗai tasu. Turancin Baba a bakin tashar jiragen ruwa ya tsince shi yana saurayi, kuma ko shi bai taɓa cewa ya cika ba. Abin da Bature ya faɗa daban, abin da Baba zai ce ya faɗa daban. Sai ka ga jarumi ya tsaya yana dogon jawabi har da hawaye, Baba ya ce, "Wai yana tambaya ko akwai sauran tuwo." Don wannan mutane suke zuwa, ba don Baturen ba.

Idonsa a hankali ya tafi. Likita ya ce hawan jinin ido ne, kuma an makara. Baba ya yi ta ɓoyewa, yana matso da kujerarsa kusa da talabijin kaɗan-kaɗan, har ranar da asiri ya tonu. Wani farin abu ya gifta, ya ɗaga murya ya ce ga amarya nan ta fito, alhali doki ne. Gidan kallo ya ɗauki dariya, amma ba irin wadda ya saba ji ba, kuma mutumin da ya yi rayuwarsa yana sa mutane dariya ya fi kowa sanin bambancin. Yayana ne aka kira ya riƙo hannunsa zuwa gida. Baba ya rataye hularsa a ƙusa, ya shiga ɗaki, ya zauna.

Zaman nan shi ne abin da ya hana ni sukuni. Mahaifiyarmu ta riga mu gidan gaskiya tun da daɗewa, ni ce ke kai masa abinci daga shagon ɗinkina safe da yamma. Mutumin da a da sai an roƙe shi ya yi shiru a ci tuwo, ya koma "to" da "Allah ya yi albarka". A zaune yake salla a ɗaki, ko ƙofar gida ya ƙi fita. Da idona nake ganin rigunansa suna yi masa yawa. Na san makanta ba ta kashe mutum, amma wannan shirun na tabbata zai iya.

Ana nan, wata rana wani tsohon mai gadi ɗan Nijar, wanda ya daɗe yana kallo a wajensa, ya zo gaishe shi. Ina ɗakin ina ninke kaya. Bayan an gama gaisuwa sai mutumin ya ce, "Wallahi Baba, wani fim yaron nan ya samo, na wani dodo mai cin kuran." Kuran ita ce wutar lantarki a bakin mutanen Nijar, yaron kuwa shi ne ɗan mai gidan kallon, wanda ya gaji wurin bayan rasuwar ubansa. "Babu mai fassarar Hausa, Turanci ne zalla. Muna ganin abin dariya ne, amma mun rasa inda za mu yi dariyar. Na ce da Baba na nan..." Sai ya kama bakinsa, ya shiga gyara rawani.

Baba ya sallame shi da "Allah ya yi albarka". Amma bayan baƙon ya tafi na ga leɓensa na motsi, kuma ba tasbihi yake ba. Na ji ya ce a ƙasa-ƙasa, "Dodo mai cin wuta." Ya sake maimaitawa, kamar mai ɗanɗana gishirin miya.

Na ajiye kayan na ce, "Baba, za mu je."

Ya ce, "Uwata, da wane idon?" Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka bai taɓa kiran sunana ba.

Na ce, "Da nawa. Zan zauna kusa da kai, in riƙa raɗa maka abin da nake gani, kai kuma ka yi aikinka."

"Mace a gidan kallo?"

"'Yarka a kusa da kai. Wanda ya ga laifi ya zo ya faɗa mini."

Ya daɗe yana shafa gemu. Da na ce zan sa a tura mini fim ɗin a waya in ba shi labarinsa tun a gida, sai ya girgiza kai da ƙarfi, irin girgizawar da na manta rabon da in gani. Ya ce shi bai taɓa kallon fim kafin jama'a ba. In ya san abin da zai faru bakinsa mutuwa yake, dole abin ya ba shi mamaki tare da kowa. Ya kuma hana ni kallo ni ma. Nan na gane ya yarda, tunda har ya fara kafa mini doka.

Mijina direban tirela ne, yana hanyar Kano na kira shi, ya yi dariya ya ce ni da babana wa zai shiga tsakani. Yayana kuwa da labari ya kai masa, ko takalmi bai tsaya cirewa da kyau ba ya faɗo gidan. Shi mutum ne na sahun gaba a masallaci, mai shago da mutunci a unguwa, kuma zan yi masa adalci, shi ya jawo Baba gida ranar doki da amarya, shi ya ji abin da ake faɗa a bayansu. Amma a tsakar gida ya tsaya, taga a buɗe, ya ce, "Ke ba ki da hankali ne? So kike a sake yin dariyar ubanmu? Bakin rijiya ba wurin wasan makaho ba ne."

Karin magana ce, kowa na faɗinta. Amma ba a faɗinta a inda makahon ke ji, balle in shi ya haife ka. Raina ya ɓaci. Na ce, "Yaya, ɗakin da ka ajiye shi shi ne rijiyar, kuma ya daɗe a cikinta. Ka leƙa ka ga wuyansa." Ya ce wanda bai ji bari ba zai ji hoho. Na ce na ji, Allah ya kai mu.

Ranar da babu wasan ƙwallo muka tafi, bayan azahar. Na goge masa farar rigarsa, na sauko da hular daga ƙusa na kakkaɓe ta. Ya dafa kafaɗata muka fito. Bayerabiyar da ke suyar ƙosai a bakin lungu ta saki matsami ta tafa hannu tana yi masa barka da fitowa da Yarabanci, shi kuma ya amsa mata da Yarabancinsa mai karyayyar ƙafa. Na ɗaga kai sama. Duk wanda ya kalle ni sai na kalle shi har ya kawar da ido.

Gidan kallon ya cika, don mai gadi ya baza labari. Da na shiga da hijabina sai wurin ya yi tsit, maza suna muskutawa suna ba ni hanya kamar na zo da sammaci. Yaron mai gidan ya fito da tsohuwar kujerar Baba daga bayan janareta, ya goge ta da hannun rigarsa. Ni aka ba ni wani galan na zauna a kai, bakina daidai kunnen Baba. Aka saki tamfol ɗin ƙofa, wurin ya yi duhu, fim ya fara.

Wani abu ne ya faɗo daga sararin samaniya cikin wani babban birnin Turawa, wai na'urar wani masanin kimiyya mai tsayayyen gashi ce ta kira shi bisa kuskure. Da abin ya fashe sai ga ɗan mitsitsin dodo, bai fi kyanwa ba, da ido uku da tumbi da dogon harshe. Na raɗa wa Baba haka. Ya gyara murya. Da farko muryar ta fito a shaƙe, sannan ta buɗe.

"Jama'a, ga baƙo ya sauka babu sallama. Ido uku gare shi. Ni an ƙwace mini biyu, shi an ƙara masa ɗaya, ku duba rabon Allah."

Dariya ta tashi, ta gaske, wadda ke fitowa daga ciki. Na ji kafaɗarsa ta saki a jikin tawa. Daga nan muka kama hanya. Ni kalma biyu ko uku nake ba shi, "ya lashi soket", "ya ƙara girma", "ya yi gyatsa ƙwan fitila ya fashe", shi kuma ya mayar da su buhu guda. Masanin kimiyya ya zama Malam mai kwalabe. Wani shugaban sojoji mai saurin fushi ya zama Oga kwata-kwata. Duk lokacin da dodon ya tsotse wutar wata unguwa Turawa suka fito da gudu suna ihu, sai 'yan dako su riƙe ciki. Wani ya yi ihu daga tsakiya, "Don an ɗauke wuta suke kuka? A kawo su nan su yi sati!" Mai gadi ya ce shi dai tausayin dodon yake ji, yaro ne mai cin abinci, Allah ya sa ya sauka inda akwai. Wasu kuwa sun koma bayan dodon gaba ɗaya, in ya haɗiye taransifoma sai su tafa masa.

Sai aka zo wurin da Oga kwata-kwata ya hau wata motar yaƙi zai yi jawabi, dodon ya zuro harshe ta baya ya tsotse batirin, motar ta gangara da shi cikin kwata yana sara wa iska. Dariya ta sarƙe ni, na kasa furta ko kalma. Baba ya ji ƙarar faɗuwa, ya ji ihun mutane, ya jira ni bai ji komai ba, sai ya yi abin da ya saba, ya cike gurbin da kansa. Ya ce, "Shi ke nan, dodo ya faɗi! A nemo masu wanka." Alhali ga dodo nan ya cika talabijin, yana rawa a kan bene.

Wasu suka yi dariya a rarrabe. Daga can baya wani saurayi ya ɗaga murya ya ce, "Baba, wannan amarya ce ko doki?"

Ban san lokacin da na miƙe ba, galan ya kife. Na juya na ce, "Kai mai ido biyu, taso. Ga kujera, zo ka faɗa mana abin da Baturen ya ce tunda kana gani. Taso mana!" Na ƙara masa da Yarabanci don kada ya ce bai ji ba. Ya sunkuyar da kai yana cewa, "Anti, abeg, wasa nake." Na ce ya kai wasan gidan ubansa. Mai gadi ya ce, "Zauna, ɗiyata, ya ji. Baba, ci gaba, mu kunne muka kawo."

Amma Baba bai ci gaba ba. Na tayar da galan na zauna, na kama hannunsa na ji ya yi sanyi. Fim na ta tafiya, babu mai dariya. Ya matso da bakinsa ya ce, "Uwata, kai ni gida."

A ranar na fara yi wa mahaifina musu a rayuwata. Na ce, "Ba inda za mu, Baba." Na san in ya tashi a kan wannan dariyar, hular ta koma ƙusa ke nan har abada, kuma Yayana ya yi gaskiya. Tsoro nake ji ƙwarai, kuma ban san abin da zan yi bayan musun ba. Na ci gaba da raɗa masa abin da nake gani, shi kuma ya yi gum.

Muna cikin haka, dodon ya buɗe baki zai haɗiye babbar tashar wutar birnin, sai ɗif, aka ɗauke wuta. Talabijin ta mutu, fanka ta tsaya. Tamfol ya rufe ko'ina, ko tafin hannunka ba ka gani. Aka yi tsaki a tare, irin tsakin da duk ɗan Agege ya iya tun yana goye. Yaron mai gida ya ruga wajen janareta, muna jin yana ja tana tari tana mutuwa. Bencina suka fara ƙara, mutane na shirin tashi.

Baba ya ce, "Me ya faru?"

"An ɗauke wuta."

"Duhu ne?"

"Baƙi ƙirin."

"Babu mai gani?"

Na ce, "Babu, Baba. Har ni."

Sai na ji wani abu na motsi a ƙirjinsa, ashe dariya ce. Ya saki hannuna, ya buga cinya, ya ɗaga murya yadda har masu wucewa a titi sai da suka ji.

"Kowa ya zauna inda yake! Kada wanda ya kunna waya. Ya iso Agege."

Wurin ya fashe. Daga nan har aka tashi Baba bai sake neman idona ba. Ya ce dodo ya gama da ƙasar Turawa, ya ji labarin Legas babban birni ce, ya sauka a Ojota da yunwarsa. Ya lashi waya ta farko, babu komai. Ya lashi ta biyu, sai tsatsa. Ya ga taransifoma ya rungume ta da murna, mutanen unguwa suka ce masa ai tun bara ta ƙone, in ya samu wuta a ciki don Allah ya sam musu. Ya shiga motar haya ta danfo zai tafi Oyingbo, kwandasta ya ce tumbinsa kujera uku ne, ido ukun ma kowanne da mazauninsa. Cunkoso ya riƙe su a hanya har dodo ya fara ramewa. Baba yana yin muryar kwandasta da Yarabanci, ya yi ta dodo da wani irin gurnani mai ban tausayi, ya yi ta wata mata da ke cewa a matsa mata da wannan harshen. Ina jin wani ɗan dako a gabana yana shessheƙa yana cewa, "Wayyo cikina, Baba ka bari." Mai gadi kuwa salati kawai yake yana ƙarawa.

Ana tsakiyar haka janareta ta kama, talabijin ta kawo haske. Wallahi ban taɓa ganin irin abin da ya biyo baya ba. Gidan kallo gaba ɗaya ya ɗauki ihu, "A kashe! A kashe!" Har da saurayin nan na baya, na gan shi da idona yana ɗaga hannu. Yaron mai gida ya tsaya baki buɗe, sannan ya je ya kashe. An ce gani ya kori ji, to ban da ranar nan.

A duhu Baba ya ƙarasa. Dodo ya rame ya koma kamar kyanwa, ya je wajen mai cajin waya yana roƙon a bar shi ya lashi ko da kan caja ne, aka ce ya bi layi. Daga ƙarshe wani ɗan dako ya tausaya masa, ya koya masa cin garin kwaki da ƙuli, ya samo masa kwando a Mile 12. "Yana nan har gobe," in ji Baba. "In kun ga wani mai ido uku yana sauke tumatir, ku gaishe shi, ɗan'uwa ne. Shi ma neman abinci ya kawo shi Legas." Nan dariyar ta ɗan canza, ta yi laushi, don kowa a wurin abin da ya kawo shi ke nan. Sai aka kira la'asar, aka ɗage tamfol, mutane suka yi layi suna ba shi hannu.

Daga baya na kalli ƙarshen fim ɗin a waya. Ashe da Turawan suka rasa yadda za su yi, kashe wutar garin suka yi gaba ɗaya, dodon ya rame suka kama shi. Da na faɗa wa Baba sai ya ce, "To, ai mu mun daɗe da maganinsa, ba a tambaye mu ba ne."

Amma wannan daga baya ne. A ranar, da muka iso gida, Yayana na tsaye a ƙofa. Labari ya riga mu, sai dai rabinsa aka kai masa, na saurayin da doki. Ko kallon Baba bai yi ba, ni ya tasa a gaba. Ya ce, "Hankalinki ya kwanta? Tun daga titi ake jin ana ƙyaƙyata shi. Kin mayar da ubanmu abin dariya."

Na buɗe baki, don na tanadi amsa tun a hanya, sai Baba ya matsa kafaɗata. Ya juya fuskarsa daidai inda muryar Yaya take, ya ce, "Kai, da dariyar nan na ciyar da kai har ka yi gemu. Matsa mini in wuce."

Yaya ya matsa.

Idon Baba bai dawo ba, kuma gidan kallo ya ci gaba da nuna finafinansa masu fassarar Kano, sai jefi-jefi in an samu wanda babu fassara a aiko a kira mu. Yayana yana nan a kan bakansa, ni ma ina kan nawa. Abin da na sani shi ne, washegari da safe na zo da koko da ƙosai, na tarar ɗakin babu kowa. Na fito da sauri. Ashe wuce shi na yi ban lura ba. Yana zaune a bakin lungu a kan benci, da hularsa a kai, ya lalubo hanya shi kaɗai da bango, yana yi wa mai ƙosai tsiya wai tun daga ɗaki hancinsa ya gaya masa ta rage albasa.